Umma ta tsinci katin tarot a ƙarƙashin matashin kaina

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 25, ina zaune a Gombe tare da iyayena. Na gama bautar ƙasa bara, yanzu ina koyarwa a wata makarantar kuɗi. Wata bakwai da suka wuce na ci karo da bidiyon katin tarot a TikTok. Matar da ke bayani ta ce ba duba ba ne, madubi ne da mutum ke kallon zuciyarsa a ciki. Na fara da manhaja a waya, daga baya wata ƙawata ta sayo mini ainihin katin daga Abuja. Kullum bayan isha'i nakan rufe ɗaki in ja guda uku, in dube su, in rubuta abin da na ji. Wallahi Anti na samu sauƙi. Ranar da na ja katin wata mace da aka ɗaure wa ido, takubba takwas kewaye da ita, sai da na yi kuka, don ni ce.

Akwai wanda Baba yake so in aura, ɗan amininsa ne. Ba zan ce ga abin da ya yi mini ba, amma zuciyata ba ta kwanta ba, kuma ina so in ƙaro karatu. Watan jiya na tambayi katin a kansa, sai katin Hasumiya ya fito, hasumiyar da tsawa ta faɗa wa. Tun ranar ban ƙara ɗaga wayarsa ba. Ƙawayena biyu ma sun sa na ja musu, ɗaya har ta turo mini kuɗin data.

Ran Asabar Umma ta ga katin a ƙarƙashin matashin kaina. Ta yi ta kuka tana cewa na zama boka. Hamma, babban yayana, ya ce na fita daga Musulunci, sai an ƙona katin an kai ni ruƙiyya. Baba bai sani ba tukuna. Ni ina salla, ina azumi, ban taɓa taka ƙofar ɗan duba ba. Shin laifi ne mutum ya nemi sanin kansa? In na daina, me zan kama?

Ƙanwarki, daga Gombe.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Sannu da wannan mako mai nauyi. Na san yadda gida yake komawa in uwa ta zubar da hawaye a kan 'yarta: ana cin tuwo ba hira, kowa na taka ƙasa a hankali, kina ratsa tsakar gida kina jin idanu a bayanki. A cikin wannan hali kika zauna kika rubuto, ba ki ɓoye zancen Hasumiya ba, ba ki ɓoye kuɗin data ba, alhali da kin so ɓoyewa ba wanda zai sani. Wannan ya nuna mini da mai gaskiya nake magana, don haka ni ma ba zan rufe ki ba.

Tambayarki ta farko amsarta gajeruwa ce. Neman sanin kai ba laifi ba ne. A Suratuz Zariyat, aya ta 21, Allah ya ce a cikin kawunanmu ma akwai ayoyi, ya tambaye mu ko ba ma gani. A Suratul Hashri, aya ta 18, ya ce kowace rai ta dubi abin da ta gabatar domin gobe. Malamai na kiran wannan muhasaba, kuma akwai wani malamin Bagadaza mai suna Harisu, wanda ya rasu a shekara ta 243 bayan hijira, da ya duƙufa a kanta har ta zame masa laƙabi, ake ce masa Al-Muhasibi. Abin da kike nema tsohon kayan gidanmu ne. Inda magana take shi ne abin da kika ɗauka a hannu don nemansa, da kuma inda ya kai ki watan jiya.

Bari in gaya miki asalin wannan kati, domin masu bidiyo ba kasafai suke faɗa ba. Kin san guda 78 ne: manya 22 masu hoton Wawa da Mutuwa da Shaiɗan da Wata da Rana da sauransu, sai 56 da aka raba gida huɗu, kofuna da tsabar kuɗi da takubba da sanduna. A arewacin Italiya aka fara yin sa wajen shekarun 1440, a fadojin Milan da Ferara, kuma na karta ne zalla, irin wadda maza ke bugawa a gindin bishiya a unguwar Bolari bayan la'asar. Manyan nan, in ban da Wawa, aikinsu a wasa shi ne cinye sauran. Gida huɗun ma aro ne. Turawa sun samu karta ne daga Masar ta zamanin sarakunan Mamalik a ƙarshen ƙarni na 14, kuma katin Mamalik ɗin kofuna ne da tsabar kuɗi da takubba da sandunan ƙwallon dawaki. Ragowarsa na nan ajiye a fadar Topkapi da ke Istanbul. Sama da shekara 300 tarot ya yi sunansa abin wasa, har gobe kuma a Faransa ana buga shi a matsayin karta. Sai a 1781 wani Bafaranshe, Court de Gébelin, ya rubuta cewa wai ɓoyayyen littafin hikimar tsohuwar Masar ne. Ba shi da hujja ko guda. A lokacin ma babu mai iya karanta rubutun Fir'aunoni, sai a 1822 aka fara warware shi, kuma da aka karanta ba a ga tarot a ciki ba. Amma zancen ya yi daɗin ji, 'yan duban birnin Faris suka cafe suka mai da shi sana'a.

Wanda ke hannunki, tunda kin ambaci mace a tsakiyar takubba takwas, irin wanda aka buga a Landan ne a 1909, ko ɗaya daga cikin masu kwaikwayonsa. Wata mai zane, Pamela Colman Smith, ita ta zana shi bisa umarnin Arthur Waite, kuma dukansu sun shiga wata ƙungiyar asiri da ake kira Golden Dawn. Shi ya sa kike ganin mai kama da Fafaroma a kan kujera, da mala'ika yana busa ƙaho matattu na tashi, da Adamu da Hauwa'u tsirara a katin Masoya. Zancen cewa madubi ne ba duba ba, shi ne auta a cikin labaran duka. A ƙarni na 20 ya yaɗu, bayan an shafa wa katin fentin ilimin halayyar ɗan Adam. Amfanin wannan tarihi gare ki shi ne ki san takarda ce da tawada. Kada tsoron wani abu zai fito daga ciki ya bi ki ya hana ki barci. Kada kuma ki ji kamar akwai wata hikima a ciki da za ki yi asararta in kin rabu da shi.

To daga ina sauƙin ya zo? Domin na yarda kin samu sauƙi, ban ɗauka ƙarya kike yi ba. A 1948 wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa 39 wasu tambayoyi, bayan mako guda ya miƙa wa kowa takarda ya ce ga bayanin halinka, kai kaɗai. A ciki akwai maganganu irin su kana matuƙar son mutane su so ka, wani lokaci kana shakkar ko shawarar da ka yanke daidai ce. Ya ce kowa ya ba takardarsa maki daga 0 zuwa 5 gwargwadon yadda ta dace da shi. Matsakaicin makin da suka bayar ya kai wajen 4.3. Daga nan ya gaya musu takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, kuma daga wani littafin 'yan taurari ya kwaso jimlolin. Haka katinki yake aiki. Ki ɗauki hoton matar nan ki zaga da shi unguwar Jekadafari, ki nuna wa matar da aka yi wa kishiya, da bazawara, da ɗalibar da ta faɗi jarrabawa, da amaryar da aka kai garin da ba ta san kowa ba. Kowace za ta dafe ƙirji ta ce ita ce. Kukan da kika yi na gaskiya ne, domin ɗaurin yana jikinki tun kafin ki sayi katin. Ke kika zo da labarin, hoton ya ba ki wurin ajiye shi.

Yanzu ki dubi abin da kike yi kowane dare, ki cire katin daga lissafi. Kina rufe ƙofa. Kina ajiye waya. Kina yin shiru na rabin awa. Kina yi wa kanki tambaya, sannan ki rubuta amsa. A gidajenmu yaushe budurwa take samun rabin awa nata na kanta? Daga makaranta sai girki, daga girki sai wanke-wanke, sai aiken wannan, sai kukan ƙanin wancan, ga dubawar littattafan yara talatin ko arba'in tana jira. In ta yi shiru a ce tana fushi, in ta rufe ɗaki a ce da wa take waya. Wannan rabin awar ita ce ta yi miki magani. Wani masani a Amurka, James Pennebaker, ya gwada irin haka a 1986: ya sa ɗalibai su rubuta abin da ya fi damun su a rai na minti 15 kullum har kwana huɗu a jere, aka ga zuwansu asibiti ya ragu a watannin da suka biyo. Babu kati a gwajinsa, biro ne da takarda.

Sai zancen Hasumiya, kuma a nan zan tsaya da ke sosai. Ranar da kika tambayi kati a kan mutumin nan, ba zuciyarki kika tambaya ba. Tambaya ce a kan abin da ke ɓoye a zuciyar wani da abin da gobe za ta zo da shi, wato gaibu. Kuma ba ki tsaya a tambaya ba, kin yi aiki da amsar: wata guda ba ki ɗaga wayarsa ba. Ki yi lissafi da ni, tunda ke malama ce. Kati 78, kina jan uku kullum. Cikin kwana 30, yiwuwar Hasumiya ta fito miki aƙalla sau ɗaya ta kai kusan bakwai cikin goma. Da ma tana tafe, ko a kansa ko a kan wani abu. Da Rana ce ta fito a daren nan, ko katin Masoya, da yanzu ana maganar lefe? Ki zauna da wannan tambayar. In amsar e ce, kin ga rayuwarki ta rataya a kan yadda hannunki ya cakuɗa takardu. In amsar a'a ce, to tun da farko kin san ba ki so, kika nemi wanda zai faɗa a madadinki.

Larabawan jahiliyya suna da kibau uku da suke ajiyewa a jaka. Ɗaya an rubuta aikata, ɗaya an rubuta kada ka aikata, ta uku ba komai. In mutum zai yi tafiya ko aure sai ya sa hannu ya zaro, abin da ya fito shi zai bi. Su ne azlam, waɗanda Suratul Ma'ida ta ambata a aya ta 3 da ta 90, ta jera su da giya da caca da gumaka ta ce a nisance su. Ki kula, su ma ba sa watsa wuri ko buga ƙasa irin na 'yan duba; hannu ne a jaka da shawarar da aka miƙa wa abin da ya fito. A Suratun Namli, aya ta 65, Allah ya ce babu wanda ya san gaibu a sammai da ƙasa sai Shi. Kuma hadisin da ke cikin Sahihu Muslim kin san shi tun Islamiyya, cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ba dare arba'in. Kin ce ba ki taɓa taka ƙofar ɗan duba ba, na yarda. Amma ranar da ƙawarki ta zauna gabanki kika ja mata, kika fassara mata, ta turo kuɗin data, a wace tabarma kike zaune? Ba da nufi kika hau ta ba, ba ki ma ji lokacin da kika hau ba, kuma wannan ne ya sa nake jin tsoron abin. Matar TikTok ta ce madubi ne, amma ma'anonin da aka ba katunan da tsarin jan uku, na jiya da na yau da na gobe, duk don duba aka gina su. Wata shida kika yi kina wasa a bakin rijiya, a na bakwai ƙafa ta zame. Ra'ayina, ba tare da kwana-kwana ba, ki rabu da katin, ki yi istigfari a kan daren Hasumiya da kan ƙawayen nan biyu, ki ci gaba da sallarki ba fashi. Ƙofar tuba a buɗe take, kuma wadda ta rubuto irin wasiƙarki ta riga ta kama hanya.

Ina da goggo da ta taɓa zuwa wurin mai bugun ƙasa a kan rashin lafiyar ɗanta. Ya shafe rairayi ya ɗiga ɗige-ɗigensa ya ce wata doguwar mace ce baƙa a kusa da ita. Kishiyarta doguwa ce baƙa, haka ma rabin matan unguwar. Shekara da shekaru ba su gaisa ba, 'ya'yansu suka tashi kamar ba uba ɗaya ba. Shi ya sa in na ji an ce abin wasa ne kawai, sai na tuna da gidan nan. Kuma don a yi adalci, wasu daga cikin masu zagin katin Turawa su ne ke kai kuɗi a yi musu abin da ake kira istihara alhali bugun ƙasa ne aka sauya wa suna. Hukuncinsu ɗaya, ko da rawani ko da manhaja.

Ƙawayenki ki kira su ɗai-ɗai. Ki ce abin da na gaya miki ranar nan ki zubar da shi, ni ban san gaibu ba, katin ma bai sani ba. Ki mayar da kuɗin data ko da ɗari biyar ne. Wataƙila ɗaya daga cikinsu tana can tana ƙin ɗaga wayar wani saboda maganar da ta fito daga bakinki.

Umma kuwa, ki ɗauki kukanta a yadda yake: tsoro ne. Ita ba ta san Milan ba, ba ta san 1909 ba. Ta ɗaga matashin 'yarta ta ga hoton Shaiɗan da ƙaho da ƙwarangwal a kan doki, sai ta hango lahirarki da sunan gidanta da bakin maƙwabta a lokaci guda. Kada ki tare ta da tarihin da na ba ki, yanzu ba shi take buƙata ba. Ki same ta ita kaɗai, bayan asuba ko lokacin da kuke tsintar shinkafa, ki durƙusa ki ce Umma na yi kuskure, na bari, ki yafe mini. Ki kawo katin da hannunki, ki ƙona shi a murhu a gabanta. Na fi son ke ki yi da kanki a kan a ƙwace a yi miki, domin abin da aka ƙwace wa mutum zuciya takan ci gaba da bin sa. Kada ki sayar, kada ki mayar wa ƙawar da ta sayo. In ta huce, ki ƙara da maganar da ta fi muhimmanci: Umma, abin da ya kai ni ga wannan shi ne akwai magana a cikina da na rasa wanda zan gaya wa. Daga nan ki buɗe mata zancen auren. Ina kyautata zaton za ki tarar ta daɗe tana karanta shi a fuskarki.

Hamma ya yi gaskiya da ya ji kishin addini, amma ya yi ganganci da harshensa. Ya zo a Buhari da Muslim cewa wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, kalmar za ta koma kan ɗayansu. Fitar da mai salla daga Musulunci ba aikin tsakar gida ba ne, kuma ba a yin sa cikin fushi. Kada ki yi musu da shi, kada ki mayar masa da baƙar magana; in ya ga toka a murhu rabin wutarsa za ta mutu. Sauran kuma ki bar wa Umma, ko malamar Islamiyyar da gidanku ke girmamawa, wadda nake so ki je ki zauna da ita ki zayyana mata komai kamar yadda kika zayyana mini. Ruƙiyya in dai karatun Fatiha da Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ne, ki tofa a tafin hannu ki shafa a jikinki kowane dare, sunna ce, ke ma za ki iya yi wa kanki. Amma in wurin da za a rufe ki a ɗaki ne da duka da hayaƙi ana cewa fita, ki roƙi Umma ta tsaya miki kada a kai ki. Babu abin da ke cikin wasiƙarki da ya yi kama da mai aljanu. Mai damuwa na gani.

Ga Baba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba a aurar da budurwa sai an nemi izininta, aka tambaye shi yaya izininta yake, ya ce ta yi shiru. Ki sake karanta wannan a hankali, ƙanwata. Wata nawa kina shiru? Baba yana can yana ganin 'yarsa mai kunya ta amince, yana gaisawa da amininsa a masallaci da fara'a, ke kuma kina ɗaki kina gaya wa takarda abin da ya kamata ya ji. Bai san yana ɗaure ki ba. In bakinki ba zai iya furtawa a gabansa ba, kuma na san da wuya, al'ada ta tanadi masu kai irin wannan saƙo: Umma, ko Goggo ƙanwarsa, ko Baffan da yake jin maganarsa. Saƙon ya zama mai kan gado. Kada a ce masa ba ta so kawai, a ce tana roƙon wata uku ta san shi, kuma tana so a sa maganar ƙarin karatu a cikin sharaɗi tun yanzu, tun ran gini ran zane. Jami'ar jiha na nan cikin gari, ta Kashere ba nisa, ga ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi. Mata da yawa sun yi digiri na biyu daga ɗakin aurensu, wasu kuma sun gama kafin su shiga. Kowanne mai yiwuwa ne in an faɗa da wuri. Zancen kati kuma ki bar wa Umma ta zaɓi ko za ta gaya masa da lokacin da za ta gaya masa, amma in ya tambaye ki kada ki yi masa ƙarya.

Shi kuma bawan Allahn nan yana bin ki bashin bayani. Da bakinki kika ce bai yi miki komai ba. Ki ɗaga wayarsa, ki ba shi haƙuri a kan shirun, ki ce kina cikin tunani ne kuma kina buƙatar lokaci. Ba sai kin ambaci kati ba. Rashin kwanciyar zuciyar da kike ji kada ki raina shi, domin Annabi ya ce wa sahabi Wabisa ya tambayi zuciyarsa, alheri shi ne abin da rai ya natsu da shi. Sai dai zuciya takan yi magana da harshe biyu. Wani lokaci ta ga wani abu ne da ido bai riƙe ba: yadda ya daka wa mai Keke tsawa, yadda ya yi dariya da kika ambaci karatu, wata 'yar ƙarya da ta wuce a hira. Wani lokaci kuma tsoron aure ne gaba ɗaya, ko haushin cewa ba ke kika zaɓa ba, wanda ko wa aka kawo haka za ki ji. Hanyar rarrabe su ita ce ki tambayi kanki, me na gani, ranar yaushe, a ina? In kin samu amsa, ki sa a yi bincike a kansa ta wajen abokan aikinsa da maƙwabtansa da matan gidansu. In ba ki samu ba, to matsalar ba shi ba ne, kuma bai kamata ya biya kuɗinta ba.

Kin tambaya me za ki kama. Ki kama rabin awarki da hannu biyu, kada rikicin nan ya tafi da ita. Ki gaya wa Umma a sarari cewa bayan isha'i kina son ɗan lokaci ke kaɗai don azkar da rubutu, ki bar ƙofa a sakaye ba a kulle ba har zuciyarta ta kwanta. Littafin da kike rubutu a ciki ki ci gaba da shi, sai dai tambayar za ta fito daga gare ki. Me ya faranta mini rai yau? A ina na ji ƙirjina ya ƙuntata, wa ke wurin, me aka ce? Wace magana na haɗiye, kuma me nake tsoron zai faru in na faɗe ta? Wa na ɓata wa? In wani dare kin ji kan ya toshe, kina kewar hoton da zai buɗe miki baki, ki ɗauko karin magana guda ki juya ta, ko suna ɗaya daga sunayen Allah kyawawa ki bi su a jere dare bayan dare, ko tsohon hotonki kina 'yar firamare ki tambayi yarinyar me take so ta zama. Abu ɗaya zan ja miki kunne a kai: kada ki koma buɗe Alƙur'ani da ka don ki ga ayar da za ta fito ta yanke miki hukunci. Wannan katin ne ya dawo da sabuwar riga. Ki karanta shi a jere, da fassara, ko da rabin shafi ne.

A kan auren kuma ga istihara ta gaskiya, wadda Jabir ya ce Annabi yana koya musu ita kamar yadda yake koya musu sura. Raka'a biyu ce ta nafila da addu'ar da ke cikin Buhari, ke da kanki, ba a biyan kowa. Ba dole sai kin yi mafarki ba, ba a jiran farin zane ko baƙar saniya. Ki duba lafazinta ki ga bambancinta da abin da kike yi: ba ta neman a nuna miki gobe. Kina cewa ne Kai ka sani ni ban sani ba, in alheri ne ka sauƙaƙa mini ka sa albarka, in sharri ne ka kawar da shi daga gare ni ka kawar da ni daga gare shi. Bayan nan sai shawara da bincike, ki ɗauki matakin da ya fi rinjaye, ki bar sauran ga Mai shi.

Manhajar ki goge ta yau, ki daina bin masu bidiyon, duk wanda TikTok ya sake kawo miki ki danna cewa ba ki da sha'awa. Zai yi naci kwana kaɗan sannan ya saki. Makon farko za ki ji hannunki na neman ƙarƙashin matashi, wannan sabo ne, zai wuce. Amma in kin ga barci ya ƙaurace miki, abinci ya fita ranki, kuka na zuwa ba dalili, aikin makaranta ya gagare ki har sama da mako biyu, ki je asibitin koyarwa na tarayya da ke nan Gombe ki nemi ganin likitan da ke kula da damuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa. Zuwa wurinsu ba hauka ba ne, kuma ba ya karo da addu'a.

Ki fara da Umma, gobe da asuba in Allah ya kai mu. In kwana arba'in sun cika ki sake rubuto mini, ina so in ji abin da ta ce, da wanda kuka zaɓa ya kai saƙo wurin Baba. Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ya sanyaya zuciyar Umma.